Dakon Taki da Dakon Ruwa: Inda Kuɗin Raya Bishiya Yake Tafiya

A kowace damina ana dasa itatuwa masu ɗimbin yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, wasu a ƙarƙashin shirye-shiryen gwamnati, wasu ta hannun ƙungiyoyi da makarantu, wasu kuma a gonaki da ƙofar gidajen ɗaiɗaikun mutane, sai dai kaso mai tsoka daga cikinsu ba ya kaiwa damina ta biyu. Jamhuriyar Nijar ta mayar da ranar 3 ga Agusta, wadda ita ce ranar tunawa da samun 'yancin kanta, ranar dashen itatuwa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007 domin a yi wa hamada shinge tun daga Senigal har zuwa Jibuti. Najeriya kuma ta kafa hukuma ta musamman a 2015 don gudanar da nata ɓangaren shirin a jihohi 11 na arewa. Niyya dai ba ta yi ƙaranci ba. Abin da yakan yi ƙaranci shi ne tanadin watanni bakwai ko takwas ɗin da ke biyo bayan ɗaukewar ruwan sama, musamman watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ke ƙuna, rijiyoyi ke ja da baya, waɗanda suka halarci bikin dashen kuma sun daɗe da komawa harkokinsu.

Ɗan dashen da ake sayowa a wurin masu renon itatuwa shi ne abu mafi araha a cikin aikin baki ɗaya. Abubuwa biyun da rayuwarsa ta rataya a kansu, wato taki da ruwa, su ma a karan kansu ba su da tsadar a zo a gani, amma dukansu masu nauyi ne, kuma mafi yawan abin da ake kashewa a kansu ladan ɗauko su ne daga inda suke zuwa gindin bishiya. Idan aka ƙaddara, a matsayin misali, cewa kowane ɗan mangwaro zai sha lita 10 sau biyu a mako har tsawon makonni 35 na rani, yana bukatar lita 700 ke nan, mai itatuwa 100 kuwa zai nemi lita 70,000, wato jarka 2,800 mai cin lita 25, alhali kowace lita ta ruwa nauyinta kilo guda ne. Ta fuskar taki kuma, ramin da ya dace da itacen marmari, mai santimita 60 a tsawo da faɗi da zurfi, yana cin lita 216 na ƙasa, kuma in sulusin abin da za a cika shi da shi taki ne, ramuka 100 za su lashe lita 7,200. Saboda haka mai neman sauƙi ya kamata ya fara da auna nisa kafin ya tambayi farashi, domin takin da aka samu kyauta a tafiyar kilomita 30 yakan fi wanda aka saya a maƙwabta tsada.

Abin da taki yake yi wa ɗan itace

Akwai masu ganin cewa tun da takin zamani yana kasuwa, kuma buhu ɗaya mutum ɗaya ne ke ɗaukarsa, babu dalilin wahala da takin gargajiya. Ta fuskar abinci zalla suna da hujja, domin buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ya bunƙasa, alhali takin da aka ruɓar da kyau da wuya naitirojinsa ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ta yadda sai an tara fiye da tan guda nasa kafin ya kamo buhu ɗaya. Sai dai matsalar ɗan itace a ƙasar jigawa ba yunwa kaɗai ba ce. Ƙasar rairayi ta wannan yanki tana da ƙarancin ruɓaɓɓen abu mai rai, a wurare da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma wannan ruɓaɓɓen abu shi ne ke riƙe danshi da abinci a inda saiwa za ta same su. Idan babu shi, ruwan da aka zuba yakan zarce ƙasa cikin sa'o'i kaɗan ya tafi da takin zamanin da aka saka. Ta haka ne takin gargajiya yake rage yawan jarkokin da za a ɗauka, don haka lissafin taki da lissafin ruwa lissafi ɗaya ne.

Ƙasar Kano ta daɗe da sanin darajar wannan taki. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itacen girki da amfanin gona, su fito da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, abin da ya sa ake noma gonakin yankin kowace shekara ba tare da barin su hutu ba, ga kuma itatuwa suna tsaye a cikinsu. Har yau ana sayen takin juji, sai dai mota ce ta maye gurbin jaki a mafi yawan wurare, kuma abin da ke cikin jujin ya sauya. Sharar birni ta yanzu cike take da leda, kwalabe, tsofaffin batura da tarkacen magunguna, kuma a unguwannin da ke kusa da masana'antu, musamman na jima irin waɗanda ke Sharaɗa da Challawa, akwai haɗarin guba ta ƙarfe wadda ba ta ruɓewa komai daɗewa. Ana iya tankaɗe takin juji da rariyar waya a cire leda da kwalba, amma rariya ba ta cire gubar da ta riga ta narke a ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne a nemi tsohon jujin unguwar da ake kiwo da girki da itace, a yi amfani da shi ga itatuwan inuwa da na shinge, a guje wa duk wanda ba a san asalinsa ba idan itacen na marmari ne.

Kashin dabbobi ya fi tsabta, kuma hanyoyin samunsa da araha suna da yawa ga wanda ya san lokaci. Kasuwannin dabbobi, mayanka, gidajen da ake turke da gonakin kaji duk suna tara shi fiye da yadda suke bukata, kuma farashinsa yakan yi ƙasa bayan kaka, ya hau idan damina ta gabato, lokacin da manoman hatsi ke rububinsa. Tsohuwar yarjejeniyar da manomi ke yi da makiyayi, inda garke ke sauka a gona da rani ya ci kara ya bar taki, ita ce hanyar da ba ta da ladan dako ko kaɗan, kuma raunin da ta yi a wuraren da zaman lafiya ya tabarbare asara ce da ba a cika lissafa ta ba. Ya kamata a lura cewa kashin shanun da ya daɗe a rana ya rasa kaso mai yawa na naitirojinsa, kuma wanda aka share daga fili sau da yawa rabinsa rairayi ne, wanda mai saye zai biya kuɗin ɗaukarsa a banza. Wani abin da ake sakaci da shi shi ne fitsarin dabba, wanda ke ɗauke da kaso mai yawa na naitirojin da fotashiyam ɗin da take fitarwa. Shimfiɗa ɓuntu ko busasshiyar ciyawa a turke yana tsotse shi, ya mayar da shimfiɗar kanta taki. Kashin kaji kuwa ya fi kowanne ƙarfi, kuma ɗanyensa yana ƙona saiwar ɗan dashe cikin 'yan kwanaki.

Ka'idar da ke sa taki ya yi araha ita ce a haɗa shi da abin da ba shi da wani mai saye. Harawa, karan dawa da dusa abincin dabbobi ne masu kasuwa, kuma zuba su a ramin taki ɓarna ce. Amma ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa, garin katako na masu yankan katako, ganyen da ake sharewa a makarantu da ofisoshi a ƙone, ɓawon gyaɗa, ragowar kayan gwari da suka lalace a kasuwa da abin da ake zubarwa daga tumbin dabbobi a mayanka, duk ana samun su kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla wadda ta mamaye hanyoyin ruwa bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogi ke gudana, ta zama annoba ga masunta da manoma, alhali in aka yanke ta kafin ta yi huda aka sassara, kayan taki ce mai yawan gaske.

Ruɓar da waɗannan abubuwa aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma suna bukatar abu huɗu: busasshen abu mai yawan kabon, wanda shi ne makamashinsu, ɗanyen abu mai yawan naitirojin, iska da danshi. Masana sun daidaita a kan cewa haɗin da ya fi saurin nuna shi ne wanda kabon ɗinsa ya ninka naitirojin kamar sau 30, abin da a aikace yake nufin kwando biyu ko uku na busasshen abu ga kowane kwando ɗaya na kashin dabba ko ɗanyen ganye, ana jera su hawa-hawa tare da ɗan barbaɗen toka da ƙasa. Wannan tsari na jerawa da juyawa shi ne wanda masanin noma Albert Howard ya daidaita a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931, kuma daga can ya bazu a duniya. A ƙasa mai zafi da iskar hunturu rami ya fi tsibi, domin tsibin da ke fili yakan bushe kafin ya ruɓe. Rami mai zurfin da bai wuce mita ɗaya ba, a ƙarƙashin inuwa, lulluɓe da tsohuwar tabarma ko zana, ya wadatar. Danshin da ake so shi ne irin na tsumman da aka jiƙa aka matse. Cikin 'yan kwanaki cikin ramin zai ɗauki zafi har ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma idan ana juyawa duk bayan mako biyu ko uku takin yakan nuna cikin wata biyu zuwa huɗu. Ana gane nunarsa idan ya yi baƙi, ya huce, ya daina wari, kuma ba a iya bambance abubuwan da aka zuba tun farko. Ɓuntu da garin katako sun fi komai jinkiri, kuma in aka binne su ba su ruɓe ba sukan janye naitirojin daga ƙasa har ganyen ɗan itace ya yi rawaya.

Tun da haɗa takin kansa yana cin ruwa, hikima ita ce a haƙa ramin kusa da rijiya ko a fara shi a ƙarshen damina, a ajiye shi a rufe har lokacin dashe. Akwai kuma wuri ɗaya da ɗan takin zamani ke biyan kuɗinsa. Binciken cibiyar ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, ya tabbatar da cewa fosfaras, sinadarin da ke gina saiwa, shi ne ya fi ƙaranci a ƙasar wannan yanki, kuma daga can ne aka yaɗa dabarar saka 'yan giram kaɗan na taki, gwargwadon cikin marfin kwalba, a kowane ramin shukar gero maimakon watsa shi a gona duka. Dabarar tana aiki ga ɗan itace ma, muddin an gauraya takin da ƙasa nesa kaɗan da saiwa.

Ruwan da ba a ɗauko ba

Ruwan da ya fi kowanne araha shi ne na sama, kuma kayan ban-ruwa na farko da ya kamata a saya su ne diga da shebur. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, don haka ruwa mai milimita 25 da ya sauka a kan faƙo mai murabba'in mita 10 lita 250 ne, waɗanda za su gangara su bi rafi in ba a tare su ba. Yacouba Sawadogo, manomin lardin Yatenga a Burkina Faso, ya yi suna ne saboda inganta tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a busasshiyar ƙasa tun wajen 1980, inda ya faɗaɗa su, ya riƙa zuba musu taki tun da rani; gara takan zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan farko kuma ya bi hudojin ya nutse. Da wannan ya raya daji mai faɗin gomman hekta a inda aka yanke ƙauna, ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya rasu a 2023. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya ɗauki nauyinsa ya kai manoman Illela ta jihar Tawa ziyara Yatenga, suka dawo da dabarar, wadda a Nijar ake kira tassa, har ta kai ana sayen faƙon da a da ba mai so domin a farfaɗo da shi. Ga bishiya, ramin rabin-wata ya fi dacewa: kwari ne mai siffar jinjirin wata, faɗinsa mita 2 zuwa 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙe kuma an yi kunya da ita a bayansa. Lokacin dashe ma wani nau'i ne na tanadin ruwa, domin itacen da aka dasa da zarar damina ta zauna yana samun wata biyu ko uku na ruwan kyauta, wanda aka jinkirta shi zuwa Satumba saboda jiran manyan baƙi kuwa yana shiga rani da saiwar da ba ta fita daga siffar leda ba.

Idan rani ya shigo, babban abokin gaba shi ne rana da iska, domin a wannan yanki abin da za su iya busarwa a shekara ya haura milimita 2,000, wato ninkin ruwan saman da ake samu sau biyu zuwa huɗu. Ruwan da aka kwara a saman ƙasa da bokiti, kaso mai yawa nasa yana tashi kafin ya kai saiwa, wanda ya rage kuma yana koya wa saiwar zama a sama, inda zafi ya fi tsanani. Duk dabarun ban-ruwa masu araha manufarsu ɗaya ce, wato a kai ruwa ƙarƙashin ƙasa kaɗan-kaɗan. Mafi tsufa a cikinsu ita ce binne tulu, wadda aka bayyana a wani littafin noma na ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ana samun tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da wani abu mai toshe ta ba, a binne ta har wuya kamar taku ɗaya daga gindin ɗan itace, a cika ta, a rufe bakin da murfi saboda sauro da ƙura. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tukunyar, kuma abin sha'awa shi ne busasshiyar ƙasa ce ke janyo shi, ta yadda idan ƙasar ta jiƙe tsattsafin yakan ragu da kansa. Tulu mai lita 10 yakan ɗauki kwanaki kafin ya nemi ƙari. Yanki mai maginan tukwane a kusan kowace ƙaramar hukuma, da garuruwa irin su Mirya ta Damagaram da suka yi suna da wannan sana'a, bai kamata ya jira kayan waje ba kafin ya yi amfani da wannan hanya, kuma tukwanen da suka fito daga gashi da ɗan lahani a baki, waɗanda magina ke sayarwa a wulaƙance, sun isa aikin. Aibinsu shi ne fashewa, da kuma toshewa idan ruwan mai laka ne ko mai zartsi, wato mai gishiri-gishiri.

Inda babu tukwane, guntun bututun roba mai kaurin santimita 5 da tsawon rabin mita, wanda aka huda gefensa aka kafa shi a tsaye kusa da itacen, yana kai ruwa kai tsaye inda ake so saiwa ta nufa, kuma gorar roba da aka huda ƙasanta aka binne tana yin kusan haka ba tare da an kashe ko sisi ba. Kowace aka zaɓa, lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu yana rage bushewa ƙwarai, amma dole a bar tazarar tafin hannu tsakanin lulluɓin da jikin itacen, domin garar da ke taimako a ramin tassa ita ce kuma ke cinye ɗan mangwaro ko turare idan ƙishi ya raunana shi.

Ban-ruwa na ɗigo, inda siririn tiyo ke ɗiga ruwa a gindin kowace shuka, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga aikin injiniya Simcha Blass a Isra'ila, inda aka kafa kamfanin Netafim a 1965. Ba lallai ne ya zo da inji ba. Durom ɗin da aka ɗora a kan dakali mai tsayin mita ɗaya ko fiye yana ba da ƙarfin da zai tura ruwa cikin tiyo a ƙaramin lambu, kuma irin wannan tsari ne masanin noma Dov Pasternak ya gwada ya yaɗa daga Sadore a farkon shekarun 2000, tare da magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya da ake aurawa a kan magaryar gida. Ga itatuwa, waɗanda ke da tazarar mita da yawa a tsakaninsu, sayen tiyo mai huda a jere irin na tumatir asara ce, domin zai riƙa shayar da filin da babu komai. Baƙin tiyo marar huda mai kaurin milimita 16, wanda ake huda shi a kafa maɗigi a daidai kowace bishiya, ya fi araha kuma ya fi daɗewa. Abin da ke kashe yawancin waɗannan kayan shi ne rashin matata, wadda ita ce mafi arahar sassan amma ita ake fara tsallakewa, sai kuma ɓeraye da ke huda tiyo neman ruwa da rani. Duk kayan da babu mai sayar da sassansa a kasuwar da ke kusa, arhar da aka gani a ranar saye ba za ta wuce shekara ba.

Ɗago ruwa daga ƙasa shi ne inda kuɗi ya fi zurarewa. Jigo ya yi zamaninsa a fadamu, sannan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa tun farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injinan fetur a arewacin Najeriya. Lissafin waɗannan injina ya rikice bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a 2024, abin da ya taɓa masu lambu har a Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka daɗe suna dogaro da man Najeriya. Da yawa sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki. Famfon hasken rana yana da tsada a ranar saye amma ba ya shan mai, kuma ya fi dacewa da itatuwa fiye da injin fetur, domin yana ba da ruwa kaɗan-kaɗan yini guda, irin yadda durom da tiyon ɗigo ke so. Famfon taka-taka da ake tuƙawa da ƙafa, wanda ya samo asali a Bangaladash, maƙeran Nijar sun ƙera shi da sunan Niyya da Ƙoƙari tun ƙarshen shekarun 1990, kuma ya wadatar da ƙaramin lambu. Sai dai duk famfon da ke zaune a sama yana zuƙo ruwa ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce kamar mita 7, saboda nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin bututu kuma ƙarfinsa yana da iyaka; rijiyar da ta fi haka zurfi sai famfon da ake zurawa ciki. Auna zurfin ruwan a watan Afrilu, ba a Oktoba ba, shi ne ke hana sayen injin da zai tsaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

A cikin gari akwai ruwan da ake zubarwa kullum wanda ya isa raya itatuwa masu yawa, kuma mafi tsabtarsa shi ne ruwan alwala na masallatai da makarantu, wanda ɗan gajeren bututu ya isa ya karkatar da shi daga kwata zuwa jerin itatuwa. Ruwan wanka ma yana yi wa dogon yaro da ya kafu, amma na wanki mai garin sabulu yana tara gishiri a ƙasa. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a garin da ke samun milimita 600 yana zubo lita 30,000 a damina, sai dai tankin da zai adana wannan har bazara ya fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka ya fi sauƙi a bi da indararo zuwa ramukan itatuwa, ƙasa ta yi ajiyar.

Akwai kuma itatuwan da ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostiraliya da ke aikin dashen itatuwa a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan manyan itatuwa ne masu rayayyiyar saiwa a ƙasa, kuma idan aka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sukan zama bishiya cikin 'yan shekaru ba tare da taki ko ban-ruwa ba. Wannan hanya, wadda ake kira sassaben zamani, an ƙiyasta ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya taka gona, yana cikin waɗanda suka fi yawa. Hankali yana nuna cewa kafin a sayi ɗan dashe ɗaya a fara zagaya filin a ga abin da ke tohowa da kansa, a keɓe kuɗin taki da ruwa ga itatuwan marmari da wuraren da babu kututture.

Manyan shirye-shirye irin su ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja, sun fi mu'amala da ƙungiyoyi fiye da mutum ɗaya, kuma ko ba don tallafi ba haɗuwa tana rage tsada, domin lodin mota ɗaya na taki, naɗi guda na tiyo ko famfon rana ɗaya duk sun fi sauƙi idan mutum goma suka raba. Bukatar ruwa ma ba ta dawwama. A rani na farko ɗan itace yana son sha akai-akai; a na biyu ana rage yawan zuwa a ƙara yawan abin da ake zubawa, ana kuma matsawa nesa da gindi domin saiwa ta bi danshi ta yi zurfi; zuwa na uku dogon yaro, magarya, aduwa, bagaruwa da kuka sukan tsaya da ƙafarsu, yayin da mangwaro, gwaiba da lemo ke ci gaba da neman ban-ruwa idan ana son su yi 'ya'ya. Wannan ya sa wanda ke son itatuwa 100 ya fi samun sauƙi idan ya dasa 30 ko 35 a shekara, domin tuluna, bututu da durom ɗin rukunin farko za su koma ga na uku, muddin an tono tulunan kafin saiwa ta naɗe su, kuma ramin taki ɗaya zai iya ciyar da kowane rukuni a lokacinsa. Kuɗin da aka rage ta wannan hanya wurinsa shi ne shinge, na ƙaya ko na tsohon kwando ko na bulo da aka jera ba siminti, wanda ya kamata ya riga ɗan dashen isa wurin, tun da awaki ana sakin su ne da zarar an kawar da amfanin gona.